Mene ne range-based for a harshen C++?

Range-based for hanya ce ta bin abubuwan da ke cikin jeri ɗaya bayan ɗaya, ba sai mai rubuta manhaja ya riƙa ƙirga inda ya kai ba. Ta shigo C++ ne a gyaran 2011, wanda ake kira C++11. Java ta riga ta samun irinta tun 2004.

A da, in kana da vector, wato jerin abubuwa, mai suna maki, sai ka rubuta for (int i = 0; i < maki.size(); i++), sannan ka ɗauko maki[i]. Ka sa <= a wurin < kawai, manhajar ta leƙa inda ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma C++ ba zai ce maka uffan ba. Yanzu abin da za ka rubuta ke nan:

for (auto m : maki) cout << m;

Ma'ana, ɗauko kowane abu da ke cikin maki, a kira shi m. A ɓoye, compiler, wato manhajar da ke fassara abin da ka rubuta zuwa harshen na'ura, shi ne ke kiran begin() da end(), masu nuna farko da ƙarshen jeri, a madadinka, shi ya sa take aiki da vector da string (rubutu) da map (jerin da ke haɗa kowane mabuɗi da abin da ke ƙarƙashinsa), har da ajin (class) da ka gina da kanka muddin ka ba shi waɗannan biyun.

Inda masu koyo suka fi shan wahala shi ne wannan auto m ɗin, domin kwafi ne. A ce malami ya ƙara wa kowane ɗalibi maki 5, ka rubuta m += 5, ka duba jerin ka tarar babu abin da ya motsa. Fotokwafi ka gyara, asalin takardar na nan yadda take. In gyara kake so, rubuta auto& m. In karantawa kawai za ka yi, musamman manyan abubuwa irin dogayen string, const auto& ya fi, don kada a ɓata lokaci ana kwafa. A ganina shi ya kamata hannu ya fara sabawa da shi.

Kada kuma ka yi push_back, wato ƙara sabon abu a ƙarshen jeri, a kan vector ɗin da kake cikin zagayawa. Zai iya ƙaura zuwa wani wuri a ƙwaƙwalwa, zagayen ya ci gaba da bin tsohon adireshi. Sannan range-based for ba ta ba ka lambar matsayi. In aikinka na buƙatar i, tsohuwar hanyar na nan. Ga map kuwa, tun C++17 kana iya rubuta for (const auto& [suna, lamba] : rajista), ka samu mabuɗi da abin da ke ƙarƙashinsa a lokaci guda.