Wutar Sola ta Gida

Wutar sola ta gida lantarki ne da ake samu daga hasken rana ta hanyar faifan da ake kafawa a kan rufi, a tara shi a batir don amfanin dare. Tana cikin hanyoyi masu sauƙi na samun makamashi mai sabuntuwa a gidajen arewacin Najeriya da Nijar, inda rana ba ta yankewa amma wutar gwamnati kan yi kwanaki ba a gan ta ba.

Tarihi

A 1839 masanin Faransa Edmond Becquerel ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki. Sai a 1954 aka ƙera faifan silikon mai amfani a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, wanda ke mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken zuwa wuta. Saboda tsadarsa, taurarin ɗan'adam ne suka fara cin moriyarsa, irin su Vanguard 1 a 1958.

Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fara rungumar wannan fanni. An kafa hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, a Yamai a 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya shugabance ta shekaru da dama. A ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin dumama ruwa da murhun girki da na'urar tace ruwa, duk masu aiki da zafin rana. Wajen ƙarshen shekarun 1960 an fara kunna talbijin ɗin koyarwa da faifan sola a wasu makarantun ƙauye. Bayan rasuwarsa a 1991 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A Najeriya, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Sakkwato ta fara aiki a farkon shekarun 1980.

Kayan aiki da tsada

Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ƙaramin kaya shi ne fitila mai cajin waya, wadda ta maye gurbin aci-balbal da fitilar ƙwai a gidaje da yawa. Na tsakiya na ɗaukar ƙwayayen lantarki da fanka da talbijin. Firij na buƙatar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita) da batir babba, kuma batirin ne ke cinye kuɗin: na dalma kan mutu cikin 'yan shekaru, na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faifan idan ba a goge shi.

Tsarin biya kaɗan-kaɗan ta waya, wanda kamfanin M-KOPA ya yaɗa a Kenya, ya iso Najeriya. Janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sa masu janareta da dama komawa sola.

Ana ja-in-ja a Najeriya kan taƙaita shigo da faifan daga waje, da kuma yawan jabun kaya a kasuwa.

Sauran hanyoyin makamashi mai sabuntuwa

Akwai gas na kashin shanu don girki, amma bai yaɗu ba.