Abin da ke cikin tauraruwa mai wutsiya da ƙurarta

Tauraruwa mai wutsiya tana da ƙwaya a tsakiyarta, dunƙulen ƙanƙara da ƙura da tsakuwa wanda yawanci bai wuce 'yan kilomita ba. A 1950 masanin taurari Fred Whipple ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar ƙanƙara ce mai datti. Mafi yawan ƙanƙarar ta ruwa ce, sai daskararrun iskoki irin su kabon monoksaid da kabon dayoksaid da amoniya. Idan ta matso kusa da rana, ƙanƙarar kan zama tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, tururin ya kwashi ƙura ya fita da ita.

Ƙwayar baƙa ce ƙwarai. Da kumbon Giotto ya wuce ta kusa da tauraruwar Halley a 1986, an ga ƙwayarta mai tsawon kusan kilomita 15 tana mayar da kashi 4 cikin ɗari kacal na hasken da ya sauka a kanta, kamar gawayi. Kumbon Rosetta da ya isa tauraruwar 67P a 2014 ya nuna nauyinta kusan rabin na ruwa ne idan aka auna girma ɗaya, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na cikinta ƙananan ramuka ne da babu komai a cikinsu. Ya kuma gano iskar oksijin da fosfaras da sinadarin glaisin, ɗaya daga cikin tubalan da furotin ke ginuwa da su.

Ƙurar ta fi ba da mamaki. Kumbon Stardust ya kamo ƙurar tauraruwar Wild 2 a 2004, ya dawo da ita duniya a 2006. A cikinta an samu ƙwayoyin ma'adinin olibin da wasu da ba sa samuwa sai cikin zafi mai tsanani, alhali tauraruwar ta haɗu ne can nesa inda sanyi ya yi yawa. Ke nan tun farkon samuwar rana da duniyoyinta, kayan da suka ƙonu kusa da rana sun yi tafiya har zuwa gefen da ƙanƙara take. Wannan sakamako ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi.

Hasken rana yana tura ƙananan ƙwayoyin ƙurar su yi wutsiya mai lanƙwasa. Manyan kuwa suna zama a kan hanyar tauraruwar, kuma idan duniya ta ratsa su sai su ƙone a sama, kamar yadda ake gani kowane Agusta daga ragowar tauraruwar Swift-Tuttle.