Waiwaye: Yadda Ƙungiyoyin Unguwa Suka Zama Masu Riƙon Tarihi

Duk ƙungiyar unguwar da ta tashi bikin cika shekara hamsin ko ɗari, akwai tambayar da kan taso ana saura makonni: wa zai rubuta tarihinmu? A nan ake shiga neman tsohon littafin taro. In an yi sa'a, a tarar da shi a ƙasan akwatin sakataren farko, bango ya ɓare, tawada ta koɗe. A shafin farko ga sunayen waɗanda suka zauna ranar, ga abin da kowa ya ba da, ga koke a kan magudanar ruwa da ta toshe da fitilar titi da ta mutu. Babu wanda ya rubuta kalmar tarihi a wannan shafi, domin damuwarsu ta ranar ce ta tara su. Sai da shekaru suka ja wannan littafi ya zama dukiya.

Zaman maƙwabta su taimaki juna ya girmi kowace ƙungiya. Amma ƙungiya mai shugaba da sakatare da kuɗin wata-wata, ita ɗiyar manyan birane ce na zamanin masana'antu, lokacin da mutane suka yi ta kwarara daga ƙauyuka suna cunkushewa a unguwannin da babu ruwa mai tsabta, babu mai kwashe shara. A 1884 Samuel Barnett da matarsa Henrietta suka buɗe Toynbee Hall a gabashin Landan, inda masu ilimi suka tare cikin talakawa suna koyarwa suna kuma koyon halin da ake ciki. Jane Addams ta je ta gani da idonta, ta koma Chicago, ita da Ellen Gates Starr suka kafa Hull House a 1889. Waɗannan gidaje na baƙi ne da suka zo taimako. Sauyi ya zo a 1939, a Chicagon dai, a unguwar da ke bayan manyan mayankan birnin, sa'ad da Saul Alinsky da Joseph Meegan suka haɗa majami'u da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kasuwa a majalisa guda mai suna Back of the Yards. A nan mazauna ne da kansu suka riƙe ragama.

A wasu ƙasashen kuwa hukuma ce ta ɗora tsarin daga sama. A 1940 gwamnatin Japan ta wajabta ƙungiyoyin unguwa, ta karkasa jama'a rukuni-rukuni na gidaje kamar goma, don rabon abinci da shirin kare kai daga harin jiragen sama, da kuma sa ido a kan juna. Bayan yaƙi mahukuntan mamaya na Amurka suka haramta su a 1947, amma da haramcin ya kau a 1952 sai suka dawo fili, saboda mutane sun saba da amfaninsu. Sojojin Japan sun kai irin wannan tsari Indonesiya a 1944, kuma shi ne tushen Rukun Tetangga, wato ƙungiyoyin maƙwabta na ƙasar, da ake da su har gobe.

To ina tarihi da gado suka shigo? Sun shigo ne tare da motar rusau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu tsara birane suka ɗauki tsofaffin unguwanni a matsayin ƙazanta da ya kamata a share a shimfiɗa manyan hanyoyi. A New York, mazauna unguwar Greenwich Village, cikinsu har da marubuciya Jane Jacobs, sun yi shekaru suna ja da shirin Robert Moses, babban mai tsara birnin, na ratsa kudancin Manhattan da babbar hanya, har aka kama Jacobs a wani zaman jin bahasi a 1968, aka kuma yi watsi da shirin a 1969. Rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta New York mai suna Pennsylvania Station da aka fara a 1963 ya girgiza birnin, ya taimaka aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. A wannan shekarar Brooklyn Heights ta zama unguwa ta farko da birnin ya ba wannan kariya, kuma ƙungiyar mazaunanta, wadda aka kafa tun 1910, ita ce ta tsaya tsayin daka. Don a ci irin wannan gwagwarmaya dole a kawo hujja: wannan gida yaushe aka gina shi, wa ya zauna ciki, me ya sa ya cancanci a bar shi. Ta haka masu rubuta takardar koke suka koma masu tono tarihi.

Sai dai akwai shafukan da ba a son karantawa a ranar biki, kuma ni a ganina su ne suka fi buƙatar a karanta. Ƙungiyoyin masu gidaje da dama a Amurka sun yi amfani da haɗin kansu wajen rubuta sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, cewa kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba. Ita kanta majalisar Back of the Yards daga baya an san ta da ƙin barin baƙaƙen fata su tare a unguwar. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, gaskiya ne, amma igiyar da ta ɗaure wasu ta bar wasu a waje. Ƙungiyar da ta buga ɗan littafin biki cike da hotunan shugabanni, ba ta ambaci 'yan haya da baƙi da matan da suka yi ɗawainiyar ba, rabin labari ta bayar.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na unguwar District Six a Cape Town, Afirka ta Kudu. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar ta fararen fata ce zalla, aka kwashe mutum sama da 60,000, aka baje gidajensu. Unguwa ta tafi, amma mutanenta ba su bar juna ba. A 1994 aka buɗe gidan tarihi a wata tsohuwar majami'a da ke kusa. A daɓen an shimfiɗa babbar taswirar titunan da aka rushe, tsofaffin mazauna kan durƙusa su rubuta sunan iyalinsu daidai inda ƙofarsu take a da. Sama kuma an rataye allunan sunayen titunan, waɗanda wani ma'aikacin rusau ya ɓoye maimakon ya zubar.

Hukumomin duniya sun biyo baya a makare. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta amince cewa gado ya haɗa da abin da ke bakin mutane da hannunsu, irin su labarai da waƙoƙi da sana'o'i, ta kuma ce al'ummar da ke riƙe da abin ita ce ke da ta cewa a kansa. Wannan ya ba ƙananan ƙungiyoyi ƙafar tsayawa. Shi ya sa a 'yan shekarun nan bukukuwan cika shekara suka fara sauya kama: ana baje tsofaffin hotuna a kan tebur, a ajiye alƙalami a gefe don wanda ya gane fuska ya rubuta suna, ana kuma tura matasa gida-gida da waya su naɗi muryar dattawa. Wannan aiki na ƙarshe shi ne ba ya jira. Kujeru da lasifika ana iya hayarsu ko da safiyar biki, amma tsohuwar da ta san wanda ya shuka bishiyar bakin layi, ta kuma san dalilin da ya sa ake kiran lungun da sunan da ba ya cikin taswira, ba lallai ta kai biki na gaba ba.