Ƙyaftawar Hasken Allon Waya

Ƙyaftawar hasken allon waya ita ce kamawa da ɗaukewar haske cikin tsananin sauri, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda, har mai kallo ya ɗauka hasken tsayayye ne alhali rawa yake yi. An fi samunta a wayoyi masu allon OLED ko AMOLED, wato allon da kowane ɗigonsa ke ba da haskensa da kansa, kuma takan tsananta idan aka rage hasken waya. Yawancin mutane ba ta damunsu ko kaɗan. Wasu kuwa da sun jima suna duba waya sai ido ya yi nauyi ko ya riƙa zafi, kai ya ɗauki ciwo, wani har da jiri da tashin zuciya. Masu fama da ciwon ɓarin kai suna cikin waɗanda suka fi kokawa da ita.

Inda ƙyaftawar take fitowa

Hanya biyu ce ake bi a rage hasken allo. Ta farko ita ce a rage ƙarfin wutar da ke shiga, haske ya dushe amma ya zauna daram. Ita ake kira DC. Ta biyu, wadda ake kira PWM, ba ta taɓa ƙarfin wutar. Kunnawa da kashewa take yi da sauri, sai ta riƙa sauya tsawon lokacin da hasken yake kunne. Idan ana son haske sosai, lokacin kunnawa ya yi tsawo, na kashewa ya gajarta. Idan ana son ya dushe, sai a juya lissafin. A allon da yake ƙyaftawa sau 240 a daƙiƙa, kowane zagaye bai wuce kashi 4 da ɗoriya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma idan hasken yana ƙasa sosai, mafi yawan wannan ɗan lokaci duhu ne.

Ido ba ya rarrabe wannan, sai ya haɗa hasken da duhun ya ga matsakaici. Haka yake yi idan yaro ya ɗauki itace mai garwashi a ƙarshensa yana juyawa da dare: zoben wuta ake gani, alhali ɗigo ɗaya ne ke zagayawa.

Dalilin da ya sa masu ƙera waya suka rungumi PWM a allon OLED shi ne, a irin wannan allo kowane ɗigo shi ke ba da haskensa da kansa, babu fitila a bayansa. Idan aka rage masa wuta ƙwarai, ɗigogin ba sa dushewa bai ɗaya: launi ya jirkice, ruwan toka ya yi dabbare-dabbare, wani gefen ya ɗauki kore-kore. Kunnawa da kashewa tana kauce wa wannan matsala, launi ya fito tas ko da haske ya yi ƙasa. Allon LCD kuwa fitila ce a bayansa, kuma ana iya dusar da ita ba tare da launi ya lalace ba. Shi ya sa da yawa daga cikinsu ba sa ƙyaftawa, ko kuma suna yi da saurin da ba ya damun kowa, ko da yake akan sami masu araha da su ma suke yi a hankali.

Kada a haɗa wannan da lambar da ake tallata waya da ita, wato 60, 90 ko 120 Hz. Waccan tana nufin sau nawa hoto yake sabuntawa a daƙiƙa. Waya tana iya zama mai 120 Hz, hoto yana tafiya sumul, amma haskenta yana ƙyaftawa da ƙarfi.

Abin da ido ba ya gani amma jiki yana ji

Mutum yakan daina ganin rawar haske idan saurinta ya kai tsakanin sau 50 zuwa 90 a daƙiƙa, gwargwadon ƙarfin hasken da kuma mutumin. Gefen ido ya fi tsakiyarsa saurin kama ta, shi ya sa tsofaffin talabijin da kwamfutoci masu ƙeya suke kamar suna rawa idan aka kalle su ta wutsiyar ido. Amma daina gani ba ya nufin jiki ya daina amsawa. Gwaje-gwaje sun nuna tantanin da ke karɓar haske a can cikin ido yana ci gaba da amsa ƙyaftawar da ta wuce sau 100 a daƙiƙa. Kuma idan ido ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri, kamar yadda yake yi wajen karatu, haske mai ƙyaftawa yakan bar jerin inuwoyi a bayansa, abin da aka ga yana faruwa har a saurin da ya kai wajen sau 2,000.

Matsalar ta girmi wayar hannu. Dogayen fitilun fulorasan na da suna ƙyaftawa ninki biyu na saurin wutar lantarki, wato sau 100 a daƙiƙa a ƙasashen da wutarsu take 50 Hz, irin su Ingila da Najeriya da Nijar. A 1989 wani mai bincike ɗan Birtaniya, Arnold Wilkins, da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi a kan ma'aikatan ofis a Ingila, inda aka ga ciwon kai da gajiyar ido sun ragu sosai bayan an sauya fitilun da masu ƙyaftawa da tsananin sauri. A 2015 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da shawara mai lamba 1789 kan fitilun LED. Ta ce abu biyu ake dubawa, sauri da kuma zurfin faɗuwar hasken. A lissafinta, hasken da yake ɗaukewa gaba ɗaya sai ya kai sau 1,250 a daƙiƙa kafin a ce haɗarinsa kaɗan ne, sai ya kai 3,000 kafin a ce ba shi da wani tasiri. A saurin 240 kuwa, faɗuwar da ta yarda da ita ba ta wuce kashi 19 cikin ɗari ba. Don fitilun haskaka ɗaki aka rubuta wannan shawara, kuma wasu masu sana'ar fitila sun ce ta cika tsauri, amma har yau ita ce masu gwada wayoyi suka fi kafa hujja da ita.

Wayoyi da saurinsu

Lokacin da Apple ya fitar da iPhone X a 2017, wayarsa ta farko mai OLED, haskenta yana ƙyaftawa wajen sau 240, daidai da yawancin manyan wayoyin Samsung na wancan zamani. Daga baya kamfanonin biyu suka ɗaga zuwa wajen 480 a manyan wayoyinsu. Kamfanonin Sin ne suka mai da abin gasa. A 2019 OnePlus da Xiaomi suka fara sanya zaɓin DC a saiti, sannan aka shiga tseren saurin ƙyaftawa a daƙiƙa: 1,920, 2,160, har Honor 90 ta 2023 ta zo da 3,840. A 2025 Apple ya sanya wa jerin iPhone 17 maɓallin kashe PWM a sashen saitin masu buƙata ta musamman.

Sai dai lambar da ke jikin kwali ba ita kaɗai ba ce magana. A wayoyi da yawa babban saurin yana aiki ne idan haske yana ƙasa kawai, da an ƙara sai waya ta koma wani salo. Allo mai matsakaicin sauri da faɗuwar haske kaɗan yana iya fin mai babbar lamba daɗin kallo. Haka ma tambarin TÜV Rheinland, kamfanin gwajin kaya na Jamus, da ake bugawa a wasu wayoyi: shaida ce cewa sun ci wani gwaji, ba alkawari ba ne ga kowane ido.

Yadda ake gane ta

A ɗauki wata wayar, a buɗe kyamararta a sashen da mutum yake saita komai da kansa, a sa saurin ɗaukar hoto a 1/4000 ko sama, a nuna ta ga allon da ake zargi bayan an buɗe farin shafi an rage haske. Idan akwai ƙyaftawa, baƙaƙen layuka za su bayyana suna gangarowa. Layuka masu kauri da baƙi ƙirin alama ce ta ƙyaftawa mai zurfi; sirara masu yawa suna nuna babban sauri. A ja hasken sama a hankali, za a ga layukan suna sirancewa. In babu wata waya, a shiga ɗaki mai duhu a kaɗa biro da sauri a gaban farin allo: idan aka ga birori da yawa a jere maimakon inuwa guda mai laushi, hasken yana yankewa.

Hanyoyin rage ta

Abin da mutane suka saba yi idan ido ya gaji, wato jan haske ƙasa can, shi ne yake ƙara ƙyaftawar a irin waɗannan alluna. Wanda aka ɗauke wa wuta ya kwanta cikin duhu yana karatu a WhatsApp, haske a ƙarshen ƙasa don tattalin caji, ya haɗa duk sharuɗɗan da suka fi muni. Gyara na farko shi ne a kunna ko da 'yar fitilar caji ce a ɗakin, a ɗaga hasken waya zuwa rabi ko sama.

Idan hakan ya yi wa ido yawa, akwai dabarar barin ma'aunin haske a sama a dusar da hoton ta manhaja. Android tun daga na 12 yana da Extra dim, iPhone kuma yana da Reduce White Point. Amfaninsu ya danganta da wayar, a wasu layukan sukan ragu sosai, a wasu ba wani bambanci, don haka gwajin kyamara ne zai raba gardama. Yana da kyau a kashe hasken da ke sauya kansa, domin yakan faɗa ƙasa ba a sani ba. Wayar da take da zaɓin DC ko na hana ƙyaftawa, a kunna shi. Abin da za a rasa ɗan ingancin launi ne a duhu. Baƙin shafi da farin rubutu yana rage yawan hasken da ke shiga ido, amma rubutun kansa yana nan yana ƙyaftawa, wasu ma sun fi jin jiki da shi.

Wanda duk wannan bai yi masa ba, mafita ita ce waya mai LCD ko mai babban sauri. Ƙananan wayoyin Tecno da Itel da Infinix da yawa LCD ne, haka iPhone 11 da XR da SE. Kafin a biya kuɗi, gara a riƙe wayar a yi karatu a kanta na ɗan lokaci da haske a ƙasa.

Gajiyar da ba ta ƙyaftawa ba ce

Mafi yawan gajiyar ido a gaban allo daga wani wuri take. Mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido adadin yakan ragu sosai, ido ya bushe, balle a lokacin hunturu da iska take a bushe ga ƙura. Riƙe waya dab da fuska da ƙananan haruffa su ma suna wahalar da ido. Likitocin ido sukan ba da shawarar duk bayan minti 20 a kalli abu mai nisan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Gilashin tare shuɗin haske ba ya hana ƙyaftawa, kuma wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, a 2023 bai ga alamar yana rage gajiyar ido ba. Farfaɗiyar da haske ke tayarwa ita ma daban ce, walƙiyar da ake gani ƙuru-ƙuru ce take jawo ta, galibi tsakanin sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa. Idan ciwon kai ko dishi-dishi bai tafi ba bayan an sauya saiti ko waya, sai a je a auna ido, domin sau da yawa gilashi ne ake buƙata, musamman ga wanda ya haura shekara 40.