Zama a cikin jirgin ruwa a Ingila: yaya ake yi idan guguwa ta taso?

Wane irin jirgi ne mutane ke mayarwa gida?

Siririn jirgi ne na ƙarfe, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa kan kai ƙafa 70. A da kwal da kayan masana'antu yake ɗauka a hanyoyin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18. Yau hukumar Canal & River Trust ce ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Raƙuman ruwa na iya kifar da shi?

Da wuya, domin hanyar ƙunci gare ta, ba ta da zurfi. Iska ce matsalar. Gindin jirgin a shafe yake, abin da ya nutse cikin ruwa wajen ƙafa biyu ne kawai, sai iska ta bugi dogon gefensa ta manna shi da gaɓa. Ranar iska mai ƙarfi ba a tafiya, ɗaurewa ake yi.

To yaya ake ɗaurin?

Igiya ɗaya a goshi, ɗaya a baya, kowacce a karkace, ba a miƙe zuwa gaɓa ba. Sai a ƙara wasu biyu da za su hana jirgin kai da komo. Turke a jiƙaƙƙiyar ƙasa tumɓukewa yake yi, don haka a kafa biyu a gicciye, ko a zura sarƙa a jikin ƙarfen da ya tokare gaɓa. Igiyar tsakiya kuwa, wadda ke kan rufi, ba ta kwana ba ce. Ruwa na ƙaruwa za ta ja jirgin ya karkata.

Kada kuma a ɗaure a ƙarƙashin bishiya, komai daɗin inuwarta. A sauke bututun hayaƙi idan murhu a kashe yake, a kwantar da farantan sola a ɗaure su tamau.

Me ya fi nutsar da jirage a lokacin guguwa?

Abu biyu. Na farko ambaliya a inda hanyar ta haɗu da kogi. Ruwa ya hau, igiya ta yi gajarta, sai ta danne gefe guda har ruwa ya shiga. Ko jirgin ya hau kan gaɓa, ruwa ya janye ya bar shi a rataye. Shi ya sa ake sassauta igiya ko da tsakar dare ne, ana kuma kafa dogayen sandunan ƙarfe tsakanin jirgi da gaɓa.

Na biyu ba ya ko amo: ganyaye su toshe 'yan magudanan da ke kewaye da murfin inji, ruwan sama ya riƙa tsiyaya ciki. Famfon kwashe ruwa da batir yake aiki, ga shi a kwanakin hadari sola ba ta caji. Batir ya mutu, famfo ya tsaya.

A toshe kafofin iska saboda sanyi?

A'a. Guguwa kan mayar da hayaƙin murhu cikin ɗaki, gubar da ke cikinsa kuma ba ta da wari. Tun Afrilun 2019 na'urar gargaɗi kan wannan guba ta zama dole a jiragen zama, kuma tana cikin abin da ake dubawa a binciken lafiyar jirgi na duk shekara huɗu.