Karatu da kasuwanci a ƙasar Sin: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da na dawo daga karatu a Jinhua, cikin lardin Zhejiang, ƙanne da 'ya'yan abokan arziki ba su daina yi mini tambayoyi iri ɗaya ba, don haka ga amsoshin a wuri guda.

Sai na iya Sinanci kafin in tafi?

A'a, akwai darussan da ake koyarwa da Turanci. Amma wanda ya shekara a can bai kai mataki na 3 na jarrabawar ƙwarewa a Sinanci ta HSK ba, shi ya so, kuma shi ake tsawwala wa farashi a kasuwa.

Akwai abincin halal?

Akwai, ka kwantar da hankalinka. Ka haddace alamar halal da Sinawa suke kira qingzhen, za ka gan ta a ƙofar shagunan taliyar Lanzhou a kusan kowane birni.

Zan iya sayen kaya ina aika wa 'yan kasuwa a gida?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin da yawanku ita ce ainihin niyyarku. Ya danganta. Bizar X1 ta karatu ce, ana mayar da ita takardar izinin zama cikin kwana 30 da shiga ƙasar, kuma duk aikin da za a biya ka yana buƙatar amincewar makaranta da ta hukumar shige da fice. Saya wa yayanka kwali biyu daban yake da zama dillali mai karɓar la'ada, sai dai iyakar da ke tsakaninsu siririya ce, saboda haka ka tambayi ofishin ɗaliban waje kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Idan hanya ta buɗe, to ka koyi haƙuri. Daga Jinhua zuwa Yiwu tafiyar mintuna ce a jirgin ƙasa mai sauri, kuma ranar da na fara shiga babbar kasuwar can, har yamma ban gama ɓangare ɗaya ba. Na zauna gaban wani mai sayar da makullai, sai da ya cika mini ɗan ƙaramin kofin shayi sau uku, ya miƙo katinsa da hannu biyu, sannan muka zo kan ciniki. 'Yan kasuwar can suna darajanta sabo, suna kuma ƙin a ci musu fuska. Idan ka daka wa mutum tsawa a gaban yaransa, cinikin ya mutu ko da kai ne mai gaskiya. Duk da haka shayi ba ya zama shaida. Yawanci ana ba da kafin alkalami na kashi 30 cikin ɗari, kada ka cika sauran sai ka buɗe kwalaye ka gwada kayan da samfurin da aka nuna maka, kuma ka biya a asusun kamfanin da sunansa ke kan lasisi. Ka tuna masana'antu suna rufewa na makonni lokacin bikin sabuwar shekararsu, a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu.

In tafi da tsabar kuɗi?

Kaɗan. Har mai sayar da gasasshen dankali a bakin titi da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ake biyansa.

Zan iya kama ɗaki a cikin gari?

Idan makaranta ta yarda. Amma don Allah ka je ofishin 'yan sanda na unguwar ka yi rajista cikin awa 24 da tarewa, kada ka bari sai ranar sabunta takardunka a ci ka tara.