Waiwaye: Asalin Biyan Kuɗin Jana'iza Tun Da Rai a Birtaniya

Muhawarar da ake yi a Birtaniya kan ko ya dace mutum ya biya kuɗin jana'izarsa tun yana raye ta yi zafi ne a 2022, lokacin da aka sa kamfanonin da ke karɓar irin wannan kuɗi ƙarƙashin dokar harkokin kuɗi daga ranar 29 ga Yuli, wasunsu kuma suka durƙushe, dubban tsofaffi suka shiga zulumi kan ajiyarsu. Sai dai maganar ta girmi wannan shekara nesa ba kusa ba.

Tun a ƙarni na 19 talakawan Ingila suke zuba kwabo-kwabo duk mako a ƙungiyoyin binne mamata, musamman bayan dokar 1832 da ta halatta a miƙa gawar da ba a zo nema ba ga masu koyon likitanci su feɗe.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba, wanda a ganina nan ne tushen lamarin, shi ne tallafin mutuwa da aka fara biya a 1949. Fam 20 ne, daga asusun inshorar ƙasa da ma'aikata ke zubawa, kuma ba a tambayar ko iyalin mamaci masu hali ne ko marasa shi. Wato ɗawainiyar binnewa nauyi ne da aka raba wa kowa. An ƙara shi zuwa fam 30 a 1967, daga nan ya tsaya cik shekara ashirin, tsadar rayuwa ta shekarun 1970 ta cinye darajarsa har ya zama bai taka kara ya karya ba. A 1987 aka soke shi, aka maye gurbinsa da taimakon da masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ke samu. Waɗanda suka rage a tsakiya, ba su talauce har a agaza musu ba, ba su kuma da rarar kuɗi, su ne suka fara tunanin kada su bar wa 'ya'yansu bashi. A daidai wannan lokaci ne sayar da shirin biya tun da rai ya fara yaɗuwa.

Yau kuɗin jana'iza ta yau da kullum a can ya kai kimanin fam 4,000. Musulmi da yawa a Birtaniya, waɗanda a ƙasashensu na asali maƙwabta ne ke haƙa kabari su kawo likkafani, sun rungumi kwamitocin masallatai, inda kowane gida ke ba da wani abu duk shekara, a binne wanda ajalinsa ya riga zuwa daga wannan asusu.